Hannun Kawu da Farantin Jibi

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da aiki, da abokan aikinki na wurin ɗinki. Mu nan sai godiya ga Allah. Mamanki ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, don haka idan kin ga rubutun ya yi kyau kada ki zaci hatsarin ne ya gyara mini hannu.

An ce kin kira a waya kina ta "Kawu! Kawu!" Ni ban ji komai ba sai ƙara. Kin san injin niƙa ya daɗe da cinye mini kunne kafin ya waiwayo kan hannu. Ki riƙa rubutowa, ki ba direban nan mai jar mota, shi ba ya ɓatar da saƙo.

Hannun ya warke. Bel ɗin injin ya tafi da yatsu biyu da kan babban yatsa, a hannun dama. An kwance bandeji, fata ta haɗe. Sai dai in gari ya yi sanyi, yatsun da babu su ne suke yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa iska. Likita ya ce haka abin yake, in yi haƙuri. Na ɗauki wani mutum yana tsaya mini a injin, ni ina zaune a bakin ƙofa ina kallon yadda yake zuba hatsi kamar yana jin haushinsa. Mata masu kawo niƙa kuwa, kowace sai ta tsaya ta yi mini jaje ta leƙa hannun, har na koma sa shi cikin aljihu.

Abu guda zan gaya miki don kada ki ji a bakin wani. Tun da na fito daga asibiti ban sake ɗaukar farantin gurasar Jibin Ubangiji a majami'a ba, ba kuwa zan sake ba. Mai hannu irin nawa ba shi da wurin tsayawa a gaban teburin nan. An gama wannan magana. Yanzu a bencin baya nake zama, kusa da taga. Ranar Jibin da ta wuce na kalli wanda ya maye gurbina ya ɗauko farantin da hannu ɗaya, yana gyara wuyan riga da ɗayan, sai ka ce mai raba shayi a wurin taro. Raina ya ɓaci ƙwarai, na sunkuyar da kai har aka gama.

Ki kula da ƙafarki, ki rage doguwar tsayuwa. Mamanki tana gaishe ki.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kai da Mama kuna lafiya. Ni lafiya lau, ƙafa ba ta dame ni ba, aiki ne dai ya yi yawa. An kawo mana ɗinkin kayan 'yan makaranta, tun safe har yamma keke ba ya hutawa. Na gode wa Allah da hannu ya warke.

Kawu, wasiƙarka a bakin keke ta same ni. Na karanta, na ce bari in ci gaba da aiki, sai ga ni na ɗinka aljihu a bayan riga. Shugabar aikinmu ta ɗaga rigar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata ba lafiya ba.

Wato har an kai ga haka? Shekara da shekaru kana hidimar teburin nan. Kai ne mai wanke ƙoƙuna ranar Asabar, kai ne mai goge faranti har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ina ƙarama, bayan rasuwar mahaifiyata ƙanwarka, kai ka riƙa goya ni zuwa majami'a saboda ƙafata da ta shanye. Sai ka zaunar da ni a bencin gaba, in kalle ka cikin farar riga kana tafiya a hankali kamar ƙasa za ta fashe. Yau don inji ya ci maka yatsu sai a tura ka baya kamar kujerar da ta karye? Wa ya yanke wannan hukunci? Ba sai an gaya mini ba. Wannan sabon Faston ne, wanda shekarunsa a duniya ba su kai shekarun hidimarka ba. Yana son majami'a ta yi kyau a hoto, hannu mai yatsu uku zai ɓata masa hoto. Sauran dattawan da kuka tsufa tare fa, babu wanda ya iya buɗe baki? Ko kunya ba ta kama su ba?

Ka ce an gama magana. A wurinka aka gama, a wurina yanzu aka fara. Na rubuta wa Fasto wasiƙa, na ba direba tare da wannan. Ban zage shi ba, ka yi mini tarbiyya, amma ban bar masa wurin ɓuya ba. Na tambaye shi ko yanzu yatsu ake dubawa kafin a bar mutum ya yi wa Allah hidima. Na ce masa idan bai mayar da kai ba, zan hau mota in zo da sandata, in tsaya a gaban jama'a in yi masa tambayar da bakina.

Ina da wani labari mai daɗi da na so in ba ka, amma ba zan haɗa shi da wannan ɓacin rai a takarda ɗaya ba. Sai an mayar maka da farantinka tukuna.

'Yarka

*

'Yata,

Muna lafiya, ina fata kina lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Wa ya aike ki? Fasto ya zo har bakin inji da takardarki a hannu, bawan Allah, fuska kamar an watsa masa ruwan zafi. Ga mata sun yi layi da kwanoninsu, ga inji yana ƙara, dole sai da ya ɗaga murya kafin in ji shi. Don haka duk unguwa ta ji cewa 'yata za ta zo da sanda. Wata har tambayata ta yi ko dukan Fasto za ki yi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bakinki kamar almakashin aikinki, kin yanka ba ki auna ba.

Ki buɗe kunne da kyau. Babu wanda ya sauke ni. Ni na sauke kaina. Wannan Faston da kika wanke tas, tun ina gadon asibiti yake ce mini farantina yana jirana. Ya yi ta sintiri a gidan nan, ya turo dattawa, har cewa ya yi zai sa a yi wa farantin maɗauri in rataya a wuya kamar mai tallan alawa. Shi a ganinsa alheri yake yi mini. Ni kuwa wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Kin san ni da karatun Maganar Allah. Da nake kwance ba abin yi, na koma kan dokokin da aka ba firistoci a tsohon alkawari, na karanta su da idon wanda abin ya shafa. Ba a ɓoye komai ba. Duk mai lahani a jiki, makaho ne, gurgu ne, mai nakasasshen hannu ne, ba zai matso ya miƙa abincin Allahnsa ba. Ba a hana shi ci ba, miƙawa aka hana. Abin da nake yi ke nan, ina ci, ba na miƙawa.

Fasto ya ce ai wannan na da ne, Almasihu ya cika doka, labulen haikali ya tsage, kowa ya shigo. Na ce masa na ji, labule ya tsage, amma Mai ɗakin ya sake hali ne? Wanda ya tsara wa mutanensa har yadda za a wanke ƙafafun dabba kafin a ɗora a bagade, shi ne yau ya zama ba ruwansa? Ku 'yan yanzu kun ji an ce alheri, kun ɗauka sakaci ake nufi. Ana shigowa sujada ana tauna cingam. Ana addu'a wani yana amsa waya. An ajiye ƙoƙunan gilashi an kawo na roba, wai wanki da wuya. Kowa yana yi wa Allah magana kamar sa'ansa na makaranta. Ban ce a koma yanka raguna ba, ni ma na san an yi hadaya sau ɗaya ta isa. Amma tsoron fa, shi ma an yanka shi ne? Idan babu sauran mai jin tsoro a majami'ar nan, to ni zan ji a madadin kowa, daga inda nake zaune.

Ban ce dole ki yarda da ni ba. Amma ki ɗauki biro yanzun nan ki ba mutumin nan haƙuri, kin zalunce shi. Nan gaba kuma idan kin karanta wasiƙata, ki karanta abin da na ce, ba abin da zuciyarki ta ƙara ba.

Kawunki

'Yata, ni ce Mama, na ƙara wannan bayan ya fita. Akwai kalmar da na ce masa kada a sa. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ta ba, haka take a rubuce. Na rubuta don ya tsare ni da ido. Ki yi haƙuri da shi.

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya kuwa? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, hannu wofi. Jiya har tasha na bi shi. Ya ce ya gan ki da idonsa kina shiga wurin aiki, lafiyarki ƙalau, ya tambaye ki saƙo kin ce babu. Fasto kuma ya ce takardar ban-haƙurinki ta iso tuntuni, ya ji daɗinta. To, shi ya samu, ni da na raine ki ban samu ba?

Idan faɗan da na yi miki ne, ai ba yau na fara ba, ba ki kuma taɓa yin gaba da ni ba. Mamanki ta ce in sake tunani a kan abin da na faɗa. Na sake, ban ga ƙarya a ciki ba. Sai ta yi tsaki ta tashi. Ban san abin da na yi wa matan gidan nan ba.

Ina labarin nan mai daɗi? Ni dai na ce wa Mamanki miji ne. Idan shi ne, ki turo shi in gan shi, in gaya masa irin bakin da zai aura don kada ya ce an rufe shi. Hannu lafiya, na fara iya riƙe cokali da shi.

Kada ki bar ni ina jira, shiru ba halinki ba ne.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama. Jikina lafiya. Na ji daɗi da ka fara riƙe cokali.

Ba miji ba ne. Ikilisiyarmu ta nan ta zaɓi sababbin masu hidimar Jibin Ubangiji, sunana yana ciki. Ranar Lahadin farko ta watan gobe za a keɓe mu, a ranar kuma za mu fara raba gurasa. Labarin ke nan. Da aka kira sunana kuka na yi, don kai na tuna. Na ce Kawu zai zo ya zauna a gaba ya ga abin da ya shuka. Kullum in na taso daga aiki sai in ɗauki tiren ɗakina in jera murafen kwalba a kai, sanda a hammata, tire a ɗaya hannun, in yi ta kai da kawowa tsakanin gado da ƙofa. Har na kai ina iya juyawa ba tare da ko ɗaya ya motsa ba.

Sai ga wasiƙarka. Makaho, gurgu, mai nakasasshen hannu. Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Na san kanka kake nufi, hannunka kake kallo. Amma ta kaina ka bi ka wuce kafin ka isa kanka, ko waiwayowa ba ka yi ba. Abin da ya hana ni rubutu ke nan. Ka ce in karanta abin da ka faɗa, ba abin da zuciyata ta ƙara ba. To wannan ban ƙara ba, Kawu, ga shi nan da rubutun Mama.

Kai ka kai ni wurin maƙeri aka yi mini ƙarfen ƙafa na farko. Kai ka kori yaran da ke kwaikwayon tafiyata, har ka bi ɗaya gidansu ka yi wa ubansa tas. Kai ka ce mini a gaban Allah babu gurguwa. Ashe akwai, ba ta dai kai bakin tebur ba ne a lokacin.

Tun da doka kake bi, bari in tambaye ka. Kai daga zuriyar firistoci ka fito? Ni dai na san kakana manomi ne. Teburin nan na katako da kuke shimfiɗa wa farin ƙyalle, bagade ne? Farar rigar da kake sawa ni na ɗinka ta, auduga ce gauraye da zaren roba, dokar nan taka kuma ta hana sa tufa mai zare iri biyu. Ka cire ta? Duk ka tsallake waɗannan, ka je ka zaɓo layi ɗaya, wanda ya fi ciwo, ka ɗora wa kanka. Kuma idan yau ba ka cancanta ba don yatsu sun ragu, wato duk shekarun baya yatsu goma ne suka sa ka cancanta? Haka ka koya mini?

Ban ƙi maganarka ta tsoro ba. Mu ma nan muna da masu cingam, kuma abin yana ɓata mini rai kamar yadda yake ɓata maka. Don haka ma na karɓi hidimar, na ce bari a sami mai ɗaukar farantin nan yadda Kawu yake ɗauka. Yanzu kai ɗin ne kake ce mini ba a so.

Na je wurin Fastonmu na ce ya dakata da sunana. Ya tambayi dalili, na ce maganar gida ce. Ba zan iya tafiya da faranti tsakanin bencuna ina jin muryarka a bayana tana cewa raina Allah nake yi ba. Duk abin da na sani game da teburin nan a wurinka na koya, ba ni da wani malami.

Ga abin da nake so. Idan kana nan a kan maganarka, kada ka ɓuya a bayan firistocin da. Ka sa Mama ta rubuto mini a fili: ke gurguwa ce, kada ki matso. Ranar da na ga wannan zan janye sunana, in nemi benci a baya kusa da taga irin naka, ba za ka sake jin bakina ba. Idan kuma ba za ka iya faɗa mini ba, to ka gaya mini yadda aka yi kake iya faɗa wa kanka.

Fasto yana jiran amsata kafin ranar. Ni kuma taka nake jira.

'Yarka

*

'Yata,

Ni ce Mama. Yau da bakina nake magana, ba da na kowa ba. Ina fata kina lafiya. Mu lafiya, gwiwa ce kawai take ɗan damuna in na daɗe a tsugune.

Ku biyun nan kun ishe ni. Shi dutse, ke dutse, ni ce hatsin da ke tsakani. Na karanta masa wasiƙarki don ƙananan rubutunki sun fi ƙarfin idonsa, kin san kuma sai da ihu, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Da na zo wurin da kika ce a rubuto miki, sai ya ce in maimaita. Na ce ba zan maimaita ba, ya ji sarai. Ya tashi ya fita, ya je ya zauna a bakin inji, ranar ko abincin rana bai taɓa ba. Da la'asar ya shigo ya ce in ɗauko biro.

Ya ce, "Rubuta. 'Yata, doka doka ce."

Na rubuta. Na ɗaga biro ina jira. Na ce, "Sai me?"

Ya ce, "Rubuta, amma ke naki daban ne."

Na ce, "Ta ina ya zama daban? Ƙafa ce ba ta cikin dokar, ko yaya?"

Ya ce, "Ke matsalarki ke nan. An ce ki yi rubutu, kin koma wa'azi."

Na ce, "To faɗi abin da yarinyar ta ce ka faɗa mana, in rubuta, kowa ya huta."

Ya kau da kai. Ya tura hannun nan cikin aljihu. Ni kuwa haushi ya riga ya cika ni. Na ajiye masa biron a gabansa, na ce daga yau hannuna ya yi ritaya, mai magana da 'yarsa ya rubuta da kansa. Ya ce da wane hannun? Na ce ai biyu Allah ya ba ka.

Yanzu bari in gaya miki abin da shi ba zai faɗa ba. Shekaranjiya na dawo daga kasuwa da wuri, na ji motsi a kicin. Na leƙa ta taga. Ga Kawunki ya jera kofunan shayina a tire, ya cika su da ruwa, ya ɗauka da hannu biyu yana tafiya a hankali. Bai kai ƙofa ba tiren ya karkace ta dama, ruwa ya zubo masa a ƙafa. Ya tsaya yana kallon hannun nan, ya daɗe. Sai a lokacin na gane inda kofunana suka riƙa tafiya tun makon da ya fito asibiti, ni ina ta zargin kyanwa. Na koma waje na yi kamar yanzu na iso, na yi gyaran murya a ƙofar gida don ya samu ya goge.

Ban ce ƙarya yake yi da dokar ba. Tsoron Allahnsa na gaske ne, ni da na zauna da shi na sani. Amma akwai wani tsoron a ƙarƙashinsa, kada ya zubar da ƙoƙon Ubangiji a gaban jama'a, ana kallo ana cewa wayyo. Mutumin da bai taɓa ɗiga ko ɗigo ba. Ya gwammace a ce doka ce ta hana shi. Daga baya dai na kasa riƙewa, na gaya masa na gani, na kuma ce zan faɗa miki. Tun jiya ba ya yi mini magana.

Ke ma ba ki kyauta ba, kada ki zaci na goya miki baya a komai. Kin sa wa tsoho wuƙa a wuya. Kuma wa ya ce ki dakatar da sunanki? Kawunki ne ya kira ki hidimar nan, ko Ubangiji? Idan tsohon nan ya kafe, sai ki bar abin da Allah ya ba ki saboda taurin kan mai injin niƙa? Raina ya ɓaci da wannan fiye da komai.

Ban san abin da zai yi ba. Biron dai yana nan inda na ajiye, amma yau da safe na ga an taɓa shi.

Mamanki

*

'Yata,

Ki yi haƙuri da rubutun, na hagu ne. Mamanki ta yi yajin aiki. Muna lafiya, ina fata kina lafiya.

Ba zan zo ba.

Abin da kika ce in rubuta ma ba zan rubuta ba. Ke ko kunya babu, ki ce in kira ki da wannan suna? Na yi fushi da ke, har yanzu ban huce ba. Na yi fushi da Mamanki mai leƙen taga.

Na nemi hanyar da dokar za ta riƙe ni ta sake ki. Na juya ta ta ko'ina, babu. Ko ta hana mu duka, ko ta bar mu duka. Kaina zan iya rufe wa ƙofa, nawa ne. Ke ba zan iya ba.

Ban sauka daga cewa Allah bai sake hali ba. Marar lahani ya nema a da, marar lahani yake nema yau. Sai dai ya riga ya samu, guda ɗaya, kuma ba ni ba ne, ba ke ba ce. Mu 'yan dako ne kawai. Shi ɗin kuwa, Almasihu, da ya tashi daga matattu bai sa hannu a aljihu ba. Ya nuna wa almajiransa hujin ƙusa, da hannun nan kuma ya gutsuttsura musu gurasa. Na sha karanta wurin tun ina saurayi, ban taɓa kallon hannun ba sai yanzu. Kada ki ce kin kayar da ni. Maganar cingam tana nan.

Ki je ki ce wa Fastonku ya mayar da sunanki. Yau, ba gobe ba.

Abin da ya hana ni zuwa shi ne, na je wurin namu Faston na ce ranar Lahadin farko zan ɗauki faranti. Ya taso zai rungume ni, na ce ya tsaya can. Maɗaurin wuya ban yarda ba. Na ce a dawo da ƙoƙunan gilashi, ni zan wanke. Ya ce gilashi ya fi nauyi. Na ce na sani.

Ina jin tsoro, 'yata. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Jiya na kai tire daga kicin har ƙofa, bai zube ba. Yau ya zube. Ban san wanne zai same ni a ranar ba.

Hannun ya gaji, biro yana suɓucewa. Lokacin da za ki tashi da naki, ni ma ina tashi da nawa. Ki yi mini addu'a. Idan kuma ya zube, zan durƙusa a gabansu in goge, in tashi in ci gaba da rabawa.

Kawunki